Addu'ar Buɗe Taro Ba Ta Binciken Lissafi

A garin Clinton na jihar Misisipi ta Amurka an taɓa yin wani kamfanin sadarwa wanda shugabansa ya saba buɗe taro da addu'a. Sunan kamfanin WorldCom, sunan shugaban Bernard Ebbers. Fitaccen ɗan ikilisiyar Baftis ne a garin Brookhaven, yana koyar da Littafi Mai Tsarki a makarantar Lahadi, kuma bai taɓa ɓoye bangaskiyarsa ga ma'aikata ko ga masu hannun jari ba. Ranar 25 ga Yuni, 2002, kamfanin ya fito ya amsa cewa an yi aringizon riba na dala biliyan 3.8 a littattafansa. Kafin masu bincike su kai ƙarshen ramin, adadin ya kai kimanin dala biliyan 11. Cikin wata guda kamfanin ya durƙushe, kuma har zuwa lokacin tarihin Amurka bai taɓa ganin durƙushewar kamfani mai girman wannan ba.

Wadda ta tona asirin ita ma Kirista ce. Cynthia Cooper, mataimakiyar shugaba mai kula da sashen binciken kuɗi na cikin gida, a Clinton ɗin ta girma, kuma ta daɗe tana ganin girman Ebbers kamar yadda sauran mutanen jihar suke gani. Ga mutum biyu a kamfani ɗaya, suna karanta littafi ɗaya, suna kiran sunan Ubangiji ɗaya. Bangaskiyar ɗayansu ta zauna lafiya da ƙarya tsawon shekaru. Bangaskiyar ɗayar ta hana mai ita sakat har sai da ta faɗi abin da babu mai son ji.

Labarin WorldCom ƙara ce a kan wata ɗabi'a da ta yi jijiya a ofisoshi da kamfanoni: ɗaukar ibadar shugaba a matsayin takardar shaidar gaskiyarsa. Addinin da ake bajewa a ɗakin taro yana iya zama igiyar da ta fi kowace ɗaure bakin masu tambaya. Idan ana son auna bangaskiyar Kirista mai jagorancin kasuwanci, sai a duba abu biyu: ko tana ba shi ƙarfin ya ce a'a a ranar da ɗaki duka ya ce to, da kuma ko tana sa shi ya jure a ce masa a'a. Wanda ya faɗi a waɗannan biyun, tsawon addu'arsa ba zai cece shi ba, ba kuma zai ceci waɗanda suka damƙa masa dukiyarsu ba.

Yadda aka dafa littattafan

WorldCom ya faro ne a 1983 a matsayin ƙaramin kamfanin kiran waya na nesa. Ebbers, haifaffen Kanada da ya zo Misisipi karatu ya zauna, ya gina shi ta hanyar saye da haɗiye wasu kamfanoni, mafi girmansu MCI a 1998. A tsakiyar 1999 hannun jarinsa ɗaya ya haura dala 60. A jihar da ba ta saba ganin manyan kamfanoni ba, WorldCom ya zama abin alfahari, Ebbers kuma ya zama gwarzo. Sai kasuwar sadarwa ta juya. Hukumomi suka hana shi haɗewa da Sprint a 2000, kuɗin shiga ya daina hawa, amma kuɗin da yake biyan wasu kamfanoni na hayar layukansu bai sauka ba.

Dabarar da aka yi ba ta da wuyar fahimta. Kuɗin hayar layi kuɗin gudanarwa ne, dole a cire shi daga ribar shekarar da aka kashe shi, kamar yadda mai motar haya yake cire kuɗin man yau daga cinikin yau. Kuɗin sayen kadara kuwa, kamar ita motar kanta, ana rarraba shi ne a kan shekaru masu yawa. Manyan jami'an WorldCom sai suka riƙa ɗebe kuɗin haya suna rubuta shi a shafin kadarori. Asara ta koma riba a kan takarda, masu sharhin kasuwa suka ci gaba da yabo, kamfanin Arthur Andersen mai binciken kuɗi daga waje ya ci gaba da sa hannu.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Sai an sami wanda zai shigar da alƙaluman, da wanda zai gani ya kau da kai. A nan ne sunan Betty Vinson yake da muhimmanci fiye da na manyan. Akanta ce mai matsakaicin muƙami, wadda abokan aikinta suka sani da ƙwazo da riƙon amana. A watan Oktoba na 2000 aka umarce ta ita da abokin aikinta Troy Normand su kwashe dala miliyan 828 daga asusun ko-ta-kwana don a rufe giɓi. Sun san ba daidai ba ne, sun kuma faɗa. Har sun yi niyyar ajiye aiki. Babban jami'in kuɗi, Scott Sullivan, ya kira su ya lallashe su da misalin jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama: akwai jirage a sama, a bari su sauka tukuna, sannan mai son tafiya ya tafi. Suka zauna. A watan Afrilu na 2001 aka dawo da wani umarnin, na mayar da dala miliyan 771 shafin kadarori. Vinson ta sake jin ciwon abin, ta sake yi. Albashinta ne ginshiƙin gidanta, aikin da ya kai wannan kuma ba ya samuwa a kusa. Haka aka yi ta yi, rubu'in shekara bayan rubu'in shekara, jiragen ba su taɓa sauka ba. A 2005 kotu ta yanke mata wata biyar a kurkuku da wata biyar na ɗaurin talala a gida.

Cutar da take kama masu hankali

Vinson ba muguwa ba ce, kuma wannan ne abin tsoron. A farkon shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ana nuna wa mutane layuka a kan kati, a tambaye su wane ne ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take. Amma an riga an shirya da duk waɗanda ke ɗakin, ban da mutum ɗaya, su ba da amsar da ba daidai ba. Kimanin uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taro aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata abin da idonsu ya gani. Babu albashi a ciki, babu barazanar kora. Kunyar zama saniyar ware kawai ta isa. Asch ya kuma gano cewa idan aka sami mutum ɗaya tak a ɗakin da ya faɗi amsar gaskiya, bin taron yana raguwa ƙwarai.

A 1972 Irving Janis na Jami'ar Yale ya fitar da littafinsa Victims of Groupthink, inda ya kira cutar da sunan da za a iya fassarawa da tunanin garke. Babban misalinsa shi ne yadda Shugaba Kennedy da mashawartansa, waɗanda ba a shakkar iliminsu, suka amince da mamayar Kyuba ta watan Afrilu na 1961, shirin da ya watse cikin kwana uku. Janis ya lissafa alamomin cutar. Ƙungiya takan ɗauka ba za ta taɓa faɗuwa ba. Kowa yakan haɗiye shakkarsa, sai a fassara shirun da amincewa. Wasu sukan naɗa kansu 'yan gadi, suna tare labari maras daɗi kafin ya kai ga shugaba. Akwai kuma alama ɗaya da ta fi dacewa da Clinton: ƙungiya ta yarda cewa ita ta mutanen kirki ce, saboda haka abin da ta yanke ba zai zama mugunta ba.

Wannan alamar ce ibadar nuni take ciyarwa. Wanda ya ga shugabansa ya sunkuyar da kai ya roƙi Allah shiriya minti biyar da suka wuce, da wane ido zai tambaye shi rasit? Tambayar da a wani wuri aiki ce kawai, a nan ta zama zargin mutumin Allah. Mai shakka sai ya fara zargin kansa da mugun zato. Rahotannin da aka fitar bayan faɗuwar kamfanin sun nuna hukumar daraktoci da ta zama 'yan amshin Shata. Ta amince da cinikin biliyoyin daloli ba tare da ta nemi cikakken bayani ba. Ta amince kamfani ya ranta wa Ebbers sama da dala miliyan 400 don ya biya bashin da ya ci da hannun jarinsa a matsayin jingina, wato ta ɗaura rayuwar shugaban a kan kada farashin jari ya faɗi. Rahoton kwamitin bincike na musamman ya kuma ruwaito cewa da aka kawo shawarar rubuta wa kamfanin ƙa'idojin ɗa'a, Ebbers ya ce ɓata lokaci ne. Mai yiwuwa a ganinsa kamfanin da ke buɗe taro da addu'a ya wuce buƙatar irin wannan takarda.

Bayan asiri ya tonu, Ebbers ya tsaya gaban 'yan ikilisiyarsa ya tabbatar musu cewa ba da ɗan damfara suke sujada ba. A kotu kuma ya ce shi bai san lissafi ba, Sullivan ne ya yi komai. Sullivan ya shaida cewa Ebbers ne yake matsa masa lallai a cika alƙaluman da kasuwa take jira. Masu taya alƙali yanke hukunci suka gaskata Sullivan. A watan Maris na 2005 aka sami Ebbers da laifi, a watan Yuli aka yanke masa shekara 25. Hausawa sukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma da wannan karin maganar Ebbers ya nemi kare kansa. Sai dai sarki ne yake zaɓen fadawansa, shi ne kuma yake koya musu irin labarin da fuskarsa take sakewa idan ya ji.

Annabawa 400 da mutum ɗaya

Abin takaici shi ne littafin da Ebbers yake koyarwa ranar Lahadi ya riga Janis bayyana wannan cuta da dubban shekaru. A sura ta 22 ta Littafin Sarakuna na Fari, Ahab sarkin Isra'ila ya so ya je yaƙi Ramot-gileyad, ya gayyaci Yehoshafat sarkin Yahuza ya taya shi. Aka tara annabawa wajen 400, dukansu suka yi albishir da nasara. Yawan bakin da ya zo ɗaya shi ne ya sa Yehoshafat ya tsargu, ya tambaya ko akwai sauran wani. Ahab ya amsa cewa akwai Mikaiya, amma ya tsane shi domin bai taɓa faɗa masa alheri ba. Manzon da aka aika kiran Mikaiya ya ja shi gefe a hanya ya ba shi shawarar ya daidaita bakinsa da na sauran. Mikaiya ya faɗi gaskiya, aka mare shi, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi yaƙin, kibiya ta same shi, ya mutu.

Ya kamata a lura da cewa waɗannan 400 ɗin da sunan Allah suka yi magana. Ahab bai yanke shawara ba tare da addu'a ba, taron addu'a ma ya kira. Littafin bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Haka nan a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus da kansa ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba a Antakiya, don tsoron wasu baƙi da suka zo, har Barnaba ma ya bi sahu. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Addinin da ya ajiye a littafinsa labarin yadda babban manzo ya bi garke, da yadda aka gyara shi a fili, bai bar wa wani shugaban kamfani mafakar cewa shi ya fi ƙarfin tambaya ba.

Daga nan ake ganin abin da bangaskiyar Kirista take iya ba shugaba idan ya ɗauke ta da gaske. Tana koya masa cewa akwai mai shari'a da ya fi hukumar daraktoci da kasuwar jari, wanda zai tsaya a gabansa shi kaɗai, ba tare da abokan taro ba. Wanda ya yarda da haka ba zai iya fakewa da cewa kowa ma ya amince ba. Tana koya masa cewa kowane mutum mai zunubi ne, har da shugaban da ake ƙauna, har da shi kansa. Wannan koyarwar ita ce tushen binciken kuɗi: ana neman rasit ne daga mutumin kirki domin mutumin kirki ma yana faɗuwa idan matsi ya yi yawa. Sannan addini ne da ke tsaye a kan labarin wanda taro ya nemi a gicciye, gwamna ya san ba shi da laifi amma ya bi taron. Mai bin wannan labari ba shi da hujjar ɗaukar rinjayen murya a matsayin gaskiya, ko ɗaukar asarar muƙami a matsayin ƙarshen duniya.

Abin da Cooper ta yi

Cooper ba ta zo da wahayi ba, da takardu ta zo. A watan Maris na 2002 shugaban sashen wayar salula ya kawo mata ƙorafin cewa ana shirin kwashe dala miliyan 400 daga ajiyar sashensa don a ƙara wa ribar kamfani. Ta tambayi Arthur Andersen, suka share ta. Ta kai maganar gaban kwamitin daraktoci mai kula da binciken kuɗi, abin da ya fusata Sullivan, wanda shi ne maigidanta kai tsaye. Maimakon ta ja baya, sai ta faɗaɗa binciken zuwa wuraren da ba a saba barin sashenta ya shiga ba. Ita da abokan aikinta, musamman Gene Morse da Glyn Smith, suka koma aiki da dare don kada a gane abin da suke nema a kwamfutocin kamfanin. A ƙarshen watan Mayu Morse ya ci karo da dala miliyan 500 da aka rubuta a matsayin sayen kayan kwamfuta, babu ko takarda ɗaya da ke goyon bayansu.

Ranar 11 ga Yuni Sullivan ya nemi ta ɗage binciken zuwa rubu'in shekara na gaba. Wannan ita ce shawarar manzon da ya je kiran Mikaiya, ita ce kuma maganar jiragen da ba su sauka ba, wadda ta ci Vinson. Cooper ta ƙi. Ranar 17 ga Yuni ta bi ofis-ofis tana tambayar hujjar waɗannan alƙaluma. Vinson ta ce ita ta shigar da su amma ba ta da takardunsu. Babban akanta David Myers ya amsa cewa babu wata hujja, babu kuma ƙa'idar lissafi da ta yarda da abin da aka yi. Kwana takwas bayan haka aka kori Sullivan, Myers ya ajiye aiki, duniya ta ji.

Ba a yi mata kalangu a gida ba. Kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 17,000. Hannun jarin da maƙwabta da 'yan fansho suka zuba ajiyarsu a ciki ya zama takarda. Waɗanda aka gurfanar mutane ne da ta sani, ta san iyalansu. Mujallar Time ta sa ta cikin gwarazan shekarar 2002 tare da Sherron Watkins ta Enron da Coleen Rowley ta hukumar FBI, amma a cikin kamfanin wasu sun daina yi mata magana. A littafinta na 2008, Extraordinary Circumstances, ta bayyana baƙin ciki da damuwar da ta shiga, da yadda bangaskiyarta da iyalinta suka riƙe ta.

Labarin Watkins ya maimaita darasin. A watan Agusta na 2001 ta rubuta wa shugaban Enron, Kenneth Lay, gargaɗin cewa badaƙalar lissafi za ta iya rusa kamfanin. Lay ɗan mai wa'azin Baftis ne, kuma jigo a cocinsa a Houston. Ya miƙa binciken ga lauyoyin da suka daɗe suna yi wa kamfanin aiki, a lokaci guda kuma kamfanin ya nemi shawarar lauya a kan ko za a iya korarta. Enron ya durƙushe a watan Disamba na shekarar.

Inda za a ja da wannan magana

Mai ja zai ce jarumta ba gadon Kirista ba ce. Gaskiya ne. Musulmi da Bayahude da wanda ba ya bin kowane addini duk sun tsaya su kaɗai a ɗakunan taro, kuma mai karatu Musulmi ya san matsayin faɗa wa shugaba gaskiya a nasa addinin. Ba a ce Kirista ya fi kowa ba. Abin da ake cewa ya fi haka nauyi a kansa: shi ba shi da uzuri. Wanda ya tashi da labarin Mikaiya, da na Natan da ya fuskanci Sarki Dawuda, da na samarin nan uku da suka ƙi rusuna wa gunkin Nebukadnezzar, idan ya yi shiru a gaban alƙaluman ƙarya, ya san sunan abin da ya yi.

Wani zai ce tsari ne magani, a bar zancen zuciya. Bayan WorldCom majalisar Amurka ta zartar da dokar Sarbanes-Oxley, aka sa mata hannu ranar 30 ga Yuli, 2002. Ta wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu a kan ingancin lissafi, ta kuma ba masu fallasa kariya. Doka ce mai amfani. Amma WorldCom yana da kwamitin bincike, yana da masu bincike na waje masu suna a duniya, yana da lauyoyi. Duk kayan aikin suna nan a ajiye. Sun fara aiki ne ranar da mutum ɗaya ta yarda ta yi asarar kujerarta. Shekara shida bayan dokar kuma, a 2008, manyan bankunan Amurka suka afka rami tare, kowanne yana bin na gabansa.

Ja na uku ya fi ƙarfi. Bangaskiya tana iya haifar da mai taurin kai wanda ya ɗauka Allah yana bayansa a kowace gardama, ba ya jin shawara, yana kiran girman kansa jarumta. Irin wannan shugaba yana nan, kuma ya fi garken haɗari. Ana gane shi da abu ɗaya: yana ƙin taro ne a inda ƙin zai ƙara masa iko, ba ya kuma yarda a binciki hujjarsa. Cooper ta tsaya a inda tsayuwar za ta cutar da ita. Ta sake duba alƙaluman, ta ba waɗanda take zargi damar su kawo bayani, ta bi ta kan kwamitin da doka ta tanada. Koyarwar zunubi da ta sa ta tambayi Sullivan ita ce ta sa ta tambayi kanta ko ita ce ta yi kuskure. Shugaban da bangaskiyarsa take tuhumar kowa ban da shi, bai fahimci abin da yake karantawa ba.

Akwai kuma masu cewa da ta yi haƙuri, wataƙila da kasuwa ta farfaɗo, da dubban mutane ba su rasa abinci ba. Wannan hujjar ce aka sayar wa Vinson a 2000. Kowane rubu'in shekara na haƙuri ya ƙara masa zurfi, ya kuma jawo sababbin masu zuba jari da suka saya bisa ƙarya. Ma'aikatan sun rasa aikinsu ne tun ranar da aka fara rubuta asara a matsayin riba. Cooper ita ce kawai ta kawo musu labarin.

Bayan an shafa

Mai karatu a Kano ko Jos ko Abuja ba baƙo ba ne ga taron da ake buɗewa da addu'a. Sau da yawa Musulmi ne zai buɗe, Kirista ya rufe, don kowa ya sami rabonsa. Al'ada ce mai kyau, babu mai neman a bar ta. Amma ranar 14 ga Agusta, 2009, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 don ceto su, kowane ɗaya daga bankunan yana da hukumar daraktoci cike da dattawa masu mutunci, yana da masu binciken kuɗi, yana da rahoton shekara mai sheƙi. Basussukan da suka ruɓe ba a dare ɗaya suka ruɓe ba. Mutane da yawa sun gani, kowa ya dubi fuskar na kusa da shi ya yi shiru.

Shugaban da yake son ya san matsayin bangaskiyarsa a ofis yana da hanyar gwaji. Ya tuna mutum na ƙarshe da ya saɓa masa a gaban jama'a, ya duba inda mutumin yake yanzu: an ƙara masa girma, ko an tura shi reshen da babu mai zuwa. Ya duba ko mai binciken kuɗinsa yana iya zuwa wurin daraktoci ba tare da izininsa ba. Ya daina faɗin ra'ayinsa a farkon taro, domin da zarar maigida ya nuna inda ya karkata, sauran magana amshi ce. Kennedy ya koyi wannan, shi ya sa a rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962 ya riƙa barin wasu tarukan mashawartansa don su yi gardama ba ya nan. Kuma idan ya ga ɗaki duka ya amince da babbar shawara ba tare da ko tari ba, ya tsargu kamar Yehoshafat, ya nemi wanda ba a gayyata ba. Gwajin Asch ya nuna murya ɗaya ta isa ta buɗe bakin sauran, kuma shugaba ne yake da ikon sa wannan muryar ta yi arha ko ta yi tsada.

Tambayar kaɗai ba ta wadatar ba. Yehoshafat ya tambaya, an kawo Mikaiya, ya ji gargaɗin da kunnensa, ya ga an mari mai gargaɗin an tafi da shi kurkuku. Duk da haka ya hau karusarsa ya bi Ahab zuwa Ramot-gileyad, sanye da kayan sarauta, har mayaƙan abokan gaba suka ɗauka shi ne Ahab suka yi kansa, da ƙyar ya tsira. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, kuma ya riga ya ba abokinsa alkawari a gaban mutane. Yawancin daraktocin da suka zauna a tarukan WorldCom sun fi kama da shi fiye da Ahab.

An saki Ebbers a watan Disamba na 2019 saboda rashin lafiya, bayan ya shafe shekara 13 a kurkuku, ya rasu a watan Fabrairu na 2020. Cooper ta zauna a kamfanin har ya fita daga shari'ar fatara, sannan ta bar shi ta koma koyar da ɗalibai da ma'aikata yadda mutanen kirki suke zamewa cikin zamba, taki ɗaya bayan ɗaya.